Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Analog da Dijital Wajen Sarrafa Ƙananan Jiragen Ƙasa na Kwaikwayo

Tun da muka fara bayani a kan ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, waɗanda ake shimfiɗa wa layin dogo a kan tebur, tambayar da masu karatu suka fi maimaitawa ita ce wane tsarin sarrafawa ya kamata su saya, analog ko dijital. Bambancin a taƙaice shi ne wannan: a tsarin analog, wanda ake rubuta wa DC, layin dogo ake sarrafawa, ana ƙara masa wuta daga sifili zuwa volt 12, kuma duk kan jirgin da ke bisa layin sai ya bi umarnin ko yana so ko ba ya so. A tsarin dijital, wanda ake kira DCC, wuta tana kan layi a kowane lokaci, umarni kuma yana tafiya ne zuwa ga wata 'yar na'ura da ke cikin kowane kan jirgi, wadda ake kira dikoda, ta yadda kowane jirgi yake amsa kiran lambarsa shi kaɗai. Matakan da ke ƙasa an jera su ne bisa yadda ya dace a bi su, domin yawancin asarar da ake tafkawa a wannan harka tana zuwa ne daga sayen na'ura kafin a binciki jiragen da za ta sarrafa.

1. A ƙirga jiragen da za su motsa a lokaci guda

Abin da za a ƙirga a nan shi ne kawunan jirgin da ake so su yi tafiya tare a kan layukan da ke haɗe da juna, ba yawan waɗanda ke ajiye a kabad ba. Idan jirgi ɗaya ne zai riƙa zagaya da'ira, ko kuma jirage biyu kowanne da da'irarsa da ba ta taɓa ta ɗan uwansa, to analog ya wadatar, kuma na'ura ɗaya mai maɓallan juyawa biyu za ta yi aikin. Idan kuwa ana so wani kan jirgi ya riƙa jera taragu a tasha yayin da jirgin fasinja yake wucewa ta kusa da shi, ko a haɗa kawunan jirgi biyu su ja kaya tare, ko a bar fitilun jirgi a kunne alhali yana tsaye, to an shiga fagen dijital.

Gargaɗi: mutane da yawa suna amsa wannan tambaya da abin da suke da shi a yau. Ya kamata a yi tunanin shekara biyu ko uku masu zuwa, domin ba kasafai mai wannan sha'awa yake tsayawa a kan jirgi ɗaya ba.

2. A tabbatar da ma'auni da nau'in layi

A duba kwalin jirgin ko ƙasan kansa a ga ma'auninsa. HO yana nufin kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, kuma tazarar ƙarafan layinsa milimita 16.5 ce. OO, wanda ya fi yawa a Ingila, kashi 1 cikin 76 ne amma a kan layi mai tazara iri ɗaya da ta HO. N kashi 1 cikin 160 ne a Amurka da yawancin Turai, tazarar layinsa milimita 9, Z kuma kashi 1 cikin 220 ne da tazarar milimita 6.5. Amfanin sanin wannan shi ne fili: a HO da OO kusan ko da yaushe akwai wurin da dikoda zai zauna, a N sai an yi dabara, a Z kuwa saka dikoda da hannu aiki ne na ƙwararru.

Gargaɗi: jiragen HO na kamfanin Märklin na Jamus ba su bi hanyar saura ba. Layinsu yana da ƙananan ƙusoshi a tsakiya waɗanda jirgi yake ɗibar wuta daga gare su, kuma tsohon tsarinsu na analog da wutar AC yake aiki. Kada a ɗora kan jirgin Märklin ko taragunsa a kan layi mai ƙarfe biyu, saboda ƙafafunsu ba su raba wutar dama da ta hagu ba, nan take wuta za ta haɗe. Mai irin wannan layi ya nemi na'urar dijital da take fahimtar harshen umarni na Märklin, wato Motorola ko mfx.

3. A binciki kawunan jirgi ɗaya bayan ɗaya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne cin lokaci, kuma shi ne yake yanke hukunci a mafi yawan lokuta. Ana buƙatar ƙananan sukundireba, mitar gwajin wuta, takarda da biro, da kuma tire ko faranti da za a riƙa zuba sukurori a ciki, don sukurorin nan idan suka faɗi ƙasa samun su sai an sha wahala.

A kasa jiragen kashi uku. Kashi na farko su ne waɗanda suka zo da dikoda daga masana'anta, waɗannan ba su buƙatar komai. Kashi na biyu su ne waɗanda aka yi wa soket a ciki amma aka toshe shi da wani ɗan marufi domin su yi aiki da analog. A nan sai a cire jikin jirgin a ƙirga ramukan soket ɗin a rubuta: mai fil 6 shi ne NEM 651, an fi samunsa a N, mai fil 8 shi ne NEM 652, wanda ya daɗe yana yawo a HO da OO, sannan akwai mai fil 21 da ake kira 21MTC, da Next18, da PluX. Dikodan wani soket ba ya shiga wani, saboda haka wannan rubutu shi ne jerin sayayyar da za a yi daga baya. A kula da cewa rubutun da ke kan kwali mai nuna jirgi a shirye yake da karɓar DCC soket kawai yake nufi, babu dikoda a ciki, kuma sabbin shiga da yawa sun sayi jirgi a kan wannan kuskuren fahimta.

Kashi na uku su ne tsofaffin jirage da ba su da soket, kuma a nan ne aikin yake. Abu na farko da za a gwada shi ne ko injin lantarkin da ke ciki ya rabu da gangar jikin jirgin. A cire wayoyin da ke zuwa wurin injin, a sa mita a kan gwajin haɗuwa, a taɓa baki ɗaya na injin da tsinke guda, ɗaya tsinken kuma a taɓa ƙafafun dama, sannan na hagu, sai a maimaita da ɗaya bakin. Idan mita ta yi ƙara ko sau ɗaya, injin yana ɗibar wuta ta jikin ƙarfe, kuma dole a raba su da tef mai jure zafi ko siririyar roba kafin a kawo dikoda kusa. Jiragen da gangar jikinsu ta rabu gida biyu, kowane ɓari yana ɗauke da wutar ƙarfe ɗaya, su ne suka fi ba da wannan wahala, kuma suna da yawa a tsofaffin N.

Abu na biyu shi ne yawan wutar da injin yake ja idan ya maƙale. A haɗa mita a jere da wayar layi a kan ma'aunin amfiya, a ba layin volt 12 na analog, a danne kan jirgin da hannu har ƙafafunsa su daina juyawa, a karanta abin da mita ta nuna, a saki nan take. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ta isa, idan aka wuce haka injin zai iya ƙonewa. Yawancin dikodan HO an yi su ne don kimanin amfiya 1, don haka tsohon injin da ya zarce wannan yana buƙatar dikoda mai ƙarfi ko kuma a canza injin gaba ɗaya.

Gargaɗi: dikoda ba ya gyara jirgi mai ciwo. Kan jirgin da yake tsinkewa ko yake ƙugi a analog haka zai ci gaba a dijital, wani lokaci ma abin ya fi muni. A wanke ƙafafu, a sa ɗigon man da aka yi don wannan aiki a giya, a ga yana tafiya lafiya, sannan a yi maganar dikoda. Ni a nawa ganin, wanda ya gaji tarin tsofaffin jirage ashirin ko talatin marasa soket, kuma jirgi ɗaya yake tuƙawa a lokaci guda, babu abin da zai ƙaru da shi idan ya tilasta wa kansa komawa dijital sai kashe kuɗi da ɓacin rai.

4. A zana shimfiɗar a takarda

A zana layin gaba ɗaya, ƙarfen dama da jan biro, na hagu da baƙi. Daga nan sai a yi tunanin analog tukuna: duk inda ake so jirgi ya tsaya yayin da wani yake tafiya, dole a yanke layin a mai da wurin yanki mai zaman kansa ta hanyar sa mahaɗin roba a maimakon na ƙarfe, kuma kowane yanki yana buƙatar makunninsa da wayarsa har zuwa allon sarrafawa. Idan na'urorin tuƙi biyu ne, kowane makunni sai ya zama mai zaɓar wace na'ura ce za ta mallaki yankin. A ƙirga yankunan. Uku ko huɗu ba matsala ba ce, amma idan lissafi ya kai goma sha biyar, to mai shimfiɗar zai ƙare yana danna makunnai maimakon kallon jirginsa, kuma kuɗin makunnai da waya da lokacin da za a ɓatar za su cinye rangwamen da analog ya bayar.

Gargaɗi: idan a zanen aka ga inda jan layi ya zagayo ya haɗu da baƙi, wato layin ya yi lanƙwasar da ke mayar da jirgi ta inda ya fito, wannan wuri zai haɗa wuta a kowane tsari. Maganinsa shi ne a yanke ƙarafan biyu a farkon lanƙwasar da ƙarshenta, kuma yankin ya fi jirgi mafi tsawo tsayi. A analog ana juya wutar da makunni da hannu, a dijital kuma akwai 'yar na'ura da take juya ta da kanta cikin ƙiftawar ido.

5. A yi lissafin kuɗi

Farashi yana motsi, amma a kasuwar Amurka na'urar analog mai kyau takan kama daga kimanin dala 50 zuwa 100. Na'urorin dijital na masu farawa, irin su NCE Power Cab da Digitrax Zephyr Express, suna kusa da dala 200 ko sama da haka kaɗan. A Turai an fi ganin z21 na Roco, wanda ake iya tuƙawa da wayar hannu, da na Lenz da ESU, a Ingila kuma akwai na Hornby da Gaugemaster. Kuɗin da mutane suke mantawa da shi shi ne na dikoda: maras sauti yakan kai dala 25 zuwa 40, mai sauti kuwa, wanda yake fitar da rurin inji da usur, yana kaiwa dala 100 ko fiye. Mai kawunan jirgi goma da yake son dikoda maras sauti na dala 30 a kowanne zai kashe dala 300 a kan dikoda kaɗai, fiye da kuɗin babbar na'urar. Wanda zai yi oda daga ƙetare ya ƙara kuɗin aikowa da na kwastan a kan wannan.

Wanda hannunsa ya saba da kayan lantarki yana iya haɗa tasa na'urar da allon Arduino da manhajar DCC-EX, wadda kyauta ce, a kan kuɗin da bai kai rabin na kanti ba, sai dai idan ta ƙi aiki shi ne zai zama makanikin kansa.

6. A auna ƙarfin wuta

Kan jirgin HO na zamani yakan ja abin da bai wuce rabin amfiya ba yana tafiya, na N kuma ƙasa da haka. Power Cab yana ba da kimanin amfiya 2, Zephyr Express kuma 3, wato kowannensu zai ɗauki jirage uku ko huɗu na HO suna motsi tare. Taragu masu fitila su ma suna cin nasu rabon, a sa su a lissafi. Idan buƙata ta ƙaru daga baya ana ƙara busta, wato na'urar da ke ƙara wa layi ƙarfin wuta, ba sai an canza na'ura ba.

Gargaɗi: wutar gida a Amurka volt 120 ce, a Japan 100, a Nijeriya da Nijar da Turai kuwa tana tsakanin 220 da 240. A karanta jikin adaftar kafin a soka ta a bango. Idan an rubuta 100 zuwa 240 babu damuwa, idan 120 kawai aka rubuta, musamman a na'urorin analog masu taransifoma mai nauyi, sai an sa abin rage wuta, in ba haka ba za ta ƙone a karon farko. Inda wuta take yawan hawa da sauka, sitabilaiza ta fi dikoda goma araha.

7. A yanke shawara

Idan matakan baya sun nuna jirgi ɗaya ko biyu, yankuna kaɗan, da tsofaffin injina masu wuyar gyara, a zauna a kan analog. Idan ana farawa ne daga tushe, jiragen suna da soket, kuma ana son fiye da jirgi ɗaya a layi guda ko ana son sauti, a sayi dijital tun farko, kada a fara da analog da niyyar canzawa bayan wata shida. Dikodan kowane kamfani yana aiki da babbar na'urar kowane kamfani saboda ƙa'idar DCC ɗaya ce, wadda ƙungiyar NMRA ta Amurka take kula da ita, amma na'urar tuƙi ta hannu ta wani kamfani yawanci ba ta shiga tsarin wani. Saboda haka a zaɓi wadda hannu ya ji daɗin riƙewa, domin da ita za a zauna shekaru.

8. A ja wayoyi kamar dijital za a yi

Ko da analog aka zaɓa, wannan mataki bai canza ba. A ja manyan wayoyi biyu a ƙarƙashin tebur suna bin hanyar layi, ja da baƙa, masu kaurin milimita murabba'i 1.5 a ƙaramar shimfiɗa ko 2.5 a babba. Daga gare su a fitar da siraran wayoyi gajeru zuwa ƙarafan layi a kowace mita ɗaya ko kusa da haka, a liƙa su da dalma a gefen waje ko ƙarƙashin ƙarfen, ba a ciki inda ƙafar jirgi take bi ba. Kada a dogara da mahaɗan ƙarfe su kai wuta nesa, domin suna sassautawa kuma suna yin datti. Bayan kowace waya biyu ko uku a gwada da mita, don gano kuskure ɗaya a cikin waya uku ya fi sauƙi a kan nemansa a cikin arba'in.

A dijital, da zarar an gama sai a yi gwajin kwandala: a kunna wuta, a ɗora tsabar kuɗi ta ƙarfe a kan ƙarafan biyu a wurare daban-daban, musamman inda ya fi nisa. Dole na'urar ta katse wuta nan take. Inda ta yi jinkiri, wayar wurin ta yi siriri ko ta yi ƙaranci, kuma haɗewar wutar da na'ura ba ta gani ba tana iya narkar da ƙafar jirgi.

Gargaɗi: wasu mararrabun layi, irin na Hornby da Peco Insulfrog, suna ba da wuta ne kawai ga reshen da aka karkata su. A analog wannan alheri ne, domin yana ba da damar ajiye jirgi a gefe ba tare da makunni ba. A dijital kuwa zai kashe fitila da sautin jirgin da ke reshen, sai an kai wa reshen wayarsa.

9. A saka dikoda na farko

A fara da jirgi mai soket. A cire marufin a adana shi, a daidaita fil na ɗaya da alamarsa, a tura a hankali. Inda babu soket, launukan waya ƙa'ida ce: ja zuwa ƙafafun dama, baƙa zuwa na hagu, ruwan lemo da ruwan toka zuwa bakunan injin, fara zuwa fitilar gaba, rawaya zuwa ta baya, shuɗiya kuma ita ce wayar da fitilun suke tarayya a kanta. Ja da baƙa ba za su taɓa haɗuwa da ruwan lemo ko ruwan toka ba, wannan ne yake kashe dikoda. Fitilar LED tana buƙatar resista, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke shiga fitila, na kimanin om 1000, tsohon ƙwan fitila mai zare kuma zai riƙa ci da cikakkiyar wuta muddin yana kunne, zafinsa yana iya narkar da rufin roba.

Kafin a kai jirgin babban layi, a ɗora shi a kan ɗan guntun layi na daban da aka tanada don saiti, inda wutar ba ta da ƙarfin yin ɓarna, a umarci na'ura ta karanta adireshinsa. Sabon dikoda yana zuwa da lamba 3. Idan ta karanta 3, haɗin ya yi daidai, idan ta kasa, a sauke shi a sake duba wayoyi. Daga nan a canza lambar, domin duk jiragen da aka bari a 3 za su tashi tare. Dikoda yana ajiye saitinsa a gurabe masu lamba da ake kira CV. Gajeren adireshi yana cikin CV1, daga 1 zuwa 127, dogon kuma yana ɗaukar lambobi huɗu, don haka mutane da yawa suna amfani da lambar da ke rubuce a jikin jirgin. CV2 yana daidaita wutar tashi, CV3 saurin ɗaukar gudu, CV4 kuma saurin tsayawa. A rubuta ƙimar da aka tarar kafin a canza ta. Idan saiti ya rikice, rubuta 8 a CV8 yana mayar da dikodan kamfanoni da yawa yadda ya fito daga masana'anta, amma a duba takardarsa, wasu da CV30 suke yi. Manhajar DecoderPro ta JMRI kyauta ce, tana nuna waɗannan lambobi a kwamfuta da bayaninsu idan an haɗa ta da na'urar.

Gargaɗi: kada a yi wannan saiti alhali akwai wani jirgi a kan guntun layin, domin duka biyun za su karɓi lamba ɗaya.

10. Idan za a riƙe tsarin biyu na ɗan lokaci

Wanda yake sauya jiragensa a hankali yana iya ciyar da shimfiɗa ɗaya daga na'urori biyu, da sharaɗin a sa makunni mai baki shida wanda yake da matsayin kashewa a tsakiya, wayoyin layi a bakunan tsakiya, analog a gefe ɗaya, dijital a ɗaya gefen. Kada a raba shimfiɗar rabi analog rabi dijital ana dogara da mahaɗin roba, domin ranar da ƙafar jirgi ta tsallaka yankan za ta haɗa na'urorin biyu, kuma mai tsadar ce takan mutu.

Jirgi mai dikoda yawanci yana tafiya a layin analog idan an bar wannan damar a buɗe a CV29. Akasin haka ne yake da haɗari: wasu na'urori, kamar na Digitrax, suna barin a tuƙa jirgi maras dikoda da adireshi 0, amma injinsa zai riƙa ƙugi yana zafi ko da yana tsaye, ƙananan injinan zamani marasa ƙarfe a tsakiya kuma suna ƙonewa cikin ɗan lokaci. Saboda haka kafin a karkata makunnin zuwa dijital a kwashe duk jiragen da ba su da dikoda daga kan layi, haka kuma a cire duk wata na'urar tsabtace layi ta lantarki da aka haɗa a zamanin analog, domin wutar da take harbawa tana lalata dikoda. Tsabtar layi sai a koma yin ta da hannu, da ƙyalle maras gashi da ɗan sinadarin isofurofil, a kuma rufe tebur da zane idan an gama, musamman lokacin ƙurar hunturu, saboda ɗan dattin da jirgin analog zai tsallake da ƙarfin gudunsa yana iya sa dikoda mai sauti ya ɗauke ya sake tashi daga farko. Jirgin da ya ci gaba da yin haka bayan an goge layi da ƙafafunsa, sai a ƙara masa kafasita mai riƙe wuta na 'yan daƙiƙu, a liƙa ta a wuraren da takardar dikodan ta nuna.